Kafin ka ba da sautun kayan zanen fentin mai daga Damagaram

Wanda ya taɓa tsayawa bakin tafkin Gidimuni da la'asar sakaliya, ya ga inuwar dabino kwance a kan ruwa, ya san abin da ke sa hannu ƙaiƙayin zane. Irin wannan hoto na itatuwa da ruwa da gajimare ne ya fito da sunan John Constable na Ingila, wanda ya rasu a 1837, kuma da fentin mai ya yi aikinsa. To, in zane da fentin mai kake son koya, me za ka saya?

Fenti iri uku ne a gabanka. Akwai na gwangwani, na masu rubutun allo da shafen ƙofofi. Yana da arha, amma tsululu ne, yana zuba, ba ya riƙe sawun buroshi. Bar shi ga ƙofa. Akwai akirilik da ake damawa da ruwa. Ba shi da wari, sai dai a zafin bazarar garin nan, kafin ka gama haɗa launin sama da na gajimare ya bushe a hannunka. Na uku shi ne fentin mai na cikin tub, wato mazubin da ake matsawa kamar na man goge baki, wanda ke ɗaukar kwanaki kafin ya bushe. Wannan jinkirin shi ne amfaninsa: za ka iya jawo inuwar itace cikin ruwa, ka lallaɓa gefenta, ka goge, ka sake, duk yana ɗanye.

Shi ma hawa biyu ne, na ɗalibai da na ƙwararru. Mai koyo na ɗalibai ya ishe shi, kamar Winton na Winsor & Newton, ko Pébéo na Faransa, ko Marie's na Sin. Yawanci sautu ake bayarwa Kano ko Yamai, kuma a nan ake kuskure. Ɗan aike ya ga akwati mai ƙananan tub 24, ido ya ruɗe shi, ya kawo. Farin da ke ciki ba zai kai ka zane biyu ba, rabin sauran kuwa ba za ka taɓa buɗe su ba. Ni dai shawarata, tub biyar: babban farin titaniyom mai mililita 200, sai ƙanana masu 37 na shuɗin ultramarin, rawaya mai haske, rawayar ƙasa da ake kira okar, da jar ƙasa ta Siyena. Kore kada ka saya, haɗa abinka da shuɗi da rawaya. Dubi kukokin Miriya da kyau: ganyensu ba koren kanti ba ne, akwai toka-toka da ƙura a jikinsa. Ruwan tafkinmu ma ba shuɗi ba ne, launin ƙasa ne da sama ta leƙa ciki. Shi ya sa okar da Siyena za su riga shuɗi ƙarewa.

Batun buroshi akwai abin da ya kamata ka sani. Masu tauri da aka saba amfani da su a fentin mai, da gashin alade ake yin su. In zuciyarka ba ta kwanta ba, nemi na nailan mai tauri, yana aiki sosai. Faffaɗa biyu da siriri ɗaya na rassa sun isa.

Yadin zane da aka riga aka ɗaure a katako yana da tsada. Falankin filawud da ka shafa wa farin akirilik sau biyu zai yi maka koyo. Kada dai ka zana kan yadi tsurarsa, mai yana cin zare. Wajen wanke buroshi, tafentin ko farin sinadarin tsarma fenti ya fi kananzir, wanda ke barin maiƙo, kuma ka buɗe taga.

Sai ƙura. Da hunturu, zane ɗanye yana kama duk abin da iska ta kwaso, kuma ba ya fita. Ka haɗa da babban kwali a cikin sayayyarka, ka kifa shi a kan zanen, ka ɗan ɗaga gefe guda da dutse don iska ta shiga.