Tankin aluminiyam na ƙarƙashin bodi don Chevrolet C10: ya ci kuɗinsa, amma sai ka yi masa ciko

A-kori-kurar Chevrolet C10 da 'yar'uwarta GMC, waɗanda aka ƙera a Amurka daga 1967 zuwa 1972, tankin mansu a cikin gidan direba yake, a tsaye bayan kujera. Yana cin kusan galan 20 na Amurka, wato wajen lita 76, bakin zuba mai kuma ya leƙo waje ta ginshiƙin da ke bayan ƙofar direba. Mota ta haura shekara 50, robar da ta haɗa baki da tanki ta bushe ta tsage, gaskit ɗin fulot, wato abin da ke auna yawan mai ya aika wa geji, ya saki, ƙasan tankin ya yi tsatsa. Shi ya sa in ka buɗe ƙofar irin wannan mota da rana warin fetur ne zai fara yi maka maraba, in ka taka birki kuma ka ji mai yana kaɗawa a bayan wuyanka.

Maganin da ya fi karɓuwa wajen masu gyaran tsofaffin motocin nan shi ne tankin aluminiyam da ake ɗaurawa tsakanin ƙarafan casis guda biyu, bayan aksil na baya, inda safayar taya take zama. Boyd Welding na jihar Fulorida yana ƙera irinsa, dillalan kayan tsofaffin motoci irin su CPP da LMC Truck su ma suna sayar da tankunan baya. Hukuncinmu a kan wannan kaya shi ne a saya. Sai dai tallan da ake yi masa na cewa noti kawai za ka ɗaura ka kama hanya bai faɗi rabin aikin ba.

Tankin kansa akwati ne mai faɗi, mara zurfi sosai, na aluminiyam mai kaurin wajen milimita 3, an yi masa walda, yawancinsa yana cin galan 19 zuwa 20. A ciki akwai shingaye da ke hana mai gudu gefe guda in an sha kwana. A samansa akwai gurbin fulot na geji, kafar da mai ke fita, kafar dawowar mai, da kafar numfashi. Nan ne ya fi abokin takararsa, tankin ƙarfe irin na Chevrolet Blazer ta 1969 zuwa 1972, wanda mutane suka daɗe suna arowa. Na Blazer ya fi araha, amma yana da zurfi, sai ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin bamba, kuma in an sauke motar ƙasa kamar yadda masu ƙawata C10 suke yi, yana iya gogar ƙasa a gangaren shiga gida. Na aluminiyam yana ɓuya cikin casis, ba ya tsatsa ta ciki ko da ruwa ya shiga man.

Kafin ka yi oda akwai abu uku da za ka yanke, domin ba a gyara su cikin sauƙi bayan tanki ya iso: inda bakin mai zai fito, irin injin da zai sha man, da ƙarfin fulot. A kan fulot ɗin ne aka fi yin kuskure. Gejin waɗannan motoci yana aiki da fulot mai ohm (ma'aunin turjiyar wutar lantarki) 0 zuwa 90, sifili in tanki ba komai, 90 in ya cika. Motocin da suka gabace su na ohm 0 zuwa 30 ne, tsofaffin Ford na 73 zuwa 10, gejin kasuwa da yawa kuma na 240 zuwa 33. In ka sa fulot mai 30 a geji mai 90, za ka cika tanki fal allura ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku. Ka gwada shi da mita tun yana hannunka, ka ɗaga hannun fulot ɗin ka sauke, ka ga lambobin suna tafiya daidai ba tsalle. Bayan an ɗora bodi, kaiwa ga fulot yana nufin sauke tanki gaba ɗaya.

Ana iya aikin daga ƙasa, amma ɗage bodin ya fi. A cire wayar batir ta negatif, a zuƙe man tsohon tanki cikin jarkar da aka yi don fetur, a yi komai a fili inda iska ke kaɗawa, da abin kashe gobara a kusa. Sai a kwance notin bodi da wayoyin fitilun baya, mutum huɗu su ɗauke shi. Maɗaurin safaya zai fita. A yawancin irin waɗannan tankuna sai an cire ko an matsar da ƙarfen da ya gitta casis ta baya, wanda da ribiti aka kafa shi a masana'anta. Ana goge kan ribitin da giranda a buge shi ya fita. Wannan aikin giranda, da duk wata walda, a gama su tun babu ɗigon mai ko tanki a kusa. Kuma ƙarfen da aka cire a mayar da shi baya kaɗan da noti masu ƙarfi, ko a sa madadinsa, domin shi ke riƙe jelar casis kada ta murɗe. Wani lokaci ɗaya daga cikin ƙarafan da ke tallafe daɓen bodi yana faɗowa daidai kan bakin mai ko kan fulot, sai an yanka masa gurbi.

A ɗaga tankin da jak da katako a ƙarƙashinsa, a daidaita shi, a kama da kilam, sannan a yi alamar hudoji. Yawancin C10 masu jan baya na waɗannan shekaru sifirin mai murɗi gare su, tare da sanda guda da ta gitta bayan aksil tana hana shi karkata gefe. A tabbata sandar nan da kaskon aksil ba za su taɓa tanki ba ko da an lafta kaya sifirin ya danne har ƙarshe. Tsakanin aluminiyam da ƙarfen casis a shimfiɗa roba wadda ba ta shan ruwa. In ƙarfe biyun suka haɗu kai tsaye, ga danshi, aluminiyam ne ke cinyewa, girgiza kuma tana ƙara goge shi. Kada a matse kunnuwan tanki a kan casis da ya karkace: casis ɗin waɗannan motoci yana lanƙwasa a hanya mai gargada, tankin da aka ɗaure a takure kuwa a bakin walda yake tsagewa.

Salansa za ta nemi sabuwar hanya. Ko dai a fitar da ita ta gefe gaban tayar baya, ko a bi da ita ta wajen casis. In dole ta wuce kusa da tanki ko bututun mai, a bar tazarar santimita 8 zuwa 10, a sa farantin kare zafi a tsakani.

Bakin mai shi ne wurin da kayan nan ya fi ba da wahala. Bakin da ke fitowa ta daɓen bodi ya fi sauƙin ɗaurawa, mai kuma yana gangarawa kai tsaye ba gardama. Aibinsa a fili yake: in ka loda kaya sai ka sauke wani abu kafin ka sha mai, duk ɗigon da ya zuba kuma a kan katakon daɓe ko fenti zai sauka. Ga motar kwalliya ba laifi. Motar da ake aiki da ita ta fi son baki ta gefe. To amma tsakanin saman casis da ƙasan bodi wurin ƙanƙane ne, tiyon mai inci 2 yana bi kusan a kwance. In bai sami gangare ba mai zai taru a wuya, kan famfon gidan mai ya yi ta katsewa, wani lokaci ya tofo maka mai a takalmi. Abin da ke warware wannan shi ne a ɗaga bakin sama iya yadda bodi ya bari, a hana tiyon yin ciki a tsakiya, sannan a ja ƙaramin tiyo na inci 1/2 ko 5/8 daga saman tanki zuwa can kusa da murfi, don iskar da mai ke korowa ta sami hanyarta daban.

Wannan tiyon na lokacin shan mai ne. Tanki yana bukatar wani numfashin na lokacin tafiya, domin duk litar da inji ya sha dole iska ta maye gurbinta. In murfi a toshe yake kuma ba kafar numfashi, mota za ta tashi lafiya, ta yi 'yan kilomitoci, ta fara shaƙewa ta mutu. Kana buɗe murfi za ka ji iska ta ja ciki, ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. Bakanike da yawa sun sauke kafireto a banza kan wannan. Famfon lantarki mai ƙarfi har lotsa tankin yake yi. A kan kafar numfashi a sa bawul mai rufe kansa in mota ta kife, a kafa shi a tsaye, a kai shi sama da bakin zuba mai. In ya yi ƙasa, ranar da ka cika tanki ka ajiye mota a rana mai zai kumbura ya biyo ta nan. Motocin 1971 da 1972 da yawa suna da gwangwanin gawayi mai shanye tururin mai. In naka yana nan, ka haɗa numfashin da shi, shi ne zai hana gareji wari.

Sai bututu. Tsohon tanki a sama yake kuma kusa da inji, nauyin man kansa yana taimaka wa famfon jikin inji. Sabon yana ƙasa, yana nesa, famfon zai jawo mai daga wajen mita 4. Lafiyayyen famfo zai iya, amma gajiyayye a nan asirinsa ke tonuwa, musamman da zafi, lokacin da mai ke zama tururi a cikin bututu. A ja sabon bututun ƙarfe mai inci 3/8 daga baya har gaba ta cikin casis, a kama shi da kilif mai roba duk bayan santimita 30 zuwa 45. Tiyon roba a gaɓoɓi kawai, gajere-gajere. A duba rubutun jikinsa: SAE J30R7 na kafireto ne, J30R9 na injekta, wanda zai zauna a nutse cikin tanki kuma sai J30R10, domin sauran fatarsu ta waje narkewa take a fetur.

Kafireto yana son matsin psi 5 zuwa 7, in ya wuce haka mai zai yi ambaliya. Wanda ya sa injin LS, wato V8 mai injekta na kamfanin GM mai ƙera Chevrolet, kamar yadda ake yawan yi wa C10 yanzu, psi 58 yake bukata, sai ya yi odar tanki mai famfo a ciki. Famfo mai ba da lita 255 a awa ya ishi injin da ba a yi wa ƙari mai yawa ba. Filtar motar Chevrolet Corvette ta 1999 zuwa 2004, wadda kamfanin Wix ke sayarwa da lamba 33737, tana da regileta a jikinta, in aka kafa ta kusa da tanki bututun dawowa gajere zai zama. Famfon lantarki na waje a ɗaura shi kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, don turawa ya iya, jawowa ba ƙarfinsa ba ne. Wuta ta zo masa ta rile da fis, da waya mai kauri, da makashin da zai yanke shi in mota ta yi karo ko inji ya mutu. Wannan makashin ba ya cikin abin da za a yi wa rowa.

Tankin da ke zaune kan roba ba shi da at, wato hanyar da wuta ke komawa casis. A ja waya daga notin fulot zuwa casis, a kankare fenti a wurin. In aka manta, allura za ta haye can bayan alamar cika ta zauna. A zaren kafofin tanki a shafa man liƙi da ke jure fetur, kada a naɗa farin tef, guntayensa kan ɓalle su toshe filta. A ɗaure da hankali, zaren aluminiyam ba ya jure ƙarfin hannu. Kafin ɗaurawa a ɗauraye cikin tankin don fitar da ɓurɓushin ƙarfe, a toshe kafofi a hura iska da ba ta wuce psi 3 ba, a shafa ruwan sabulu a kan walda a duba kumfa. Zubin farko lita 10 ta isa, a duba yoyo, sannan a mayar da bodi.

Game da tsaro kuwa, masu talla suna wuce gona da iri. Fitar da fetur da tururinsa daga inda mutane ke zaune riba ce ta gaske. Amma bayan aksil wuri ne da ke karɓar duka in an bugo mota ta baya, abin da ya sa aka janye motocin Ford Pinto don gyara a 1978 ke nan. Kamfanin GM ma da ya fitar da tanki daga gidan direba a 1973, gefen casis ta waje ya kai shi, wannan kuma ya jawo ƙararraki kan gobara in an bugi mota ta gefe, har a 1994 ya amince ya kashe dala miliyan 51 kan ayyukan tsaron hanya a sulhunsa da gwamnatin Amurka. Saboda haka duk wanda ya sa wannan tanki ya bar bamba mai ƙarfi da maɗauranta na asali, ya tabbata babu tsinin noti ko ƙugiyar jan tirela da ke kallon jikin tankin.

Cikakken tanki yana ɗora wajen kilo 56 na mai a jelar mota, abin da ke ɗan taimaka wa tayoyin baya kama ƙasa in bodi ba kaya. Safaya ta rasa gurbinta, sai dai ta koma cikin bodi. Tsohon tanki a fitar da shi gaba ɗaya, kada a bar shi fanko a bayan kujera, domin fankon da ke cike da tururi ya fi cikakke saurin fashewa, kuma kada wani ya kai masa wutar walda. Ramin tsohon baki a jikin gidan direba a liƙe shi da faranti a yi fenti, hudojin daɓe kuma a toshe su da roba don hayaƙin salansa kada ya shigo. A lissafin kuɗi, ban da farashin tankin, a ware na bututu da tiyo da kilif, na bawul da filta, na wuyan zuba mai da murfinsa, da ladan mai gyaran salansa.