Wasiƙa Zuwa Ga Kawu Daga Gefen Hanyar Jamus

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da su Inna da sauran mutanen gida. Yau Lahadi, ina zaune cikin kan mota a wani wurin fakin da ke gefen babbar hanyar A2. A Jamus babbar mota ba ta motsi tun daga ƙarfe 12 na daren Asabar har ƙarfe 10 na daren Lahadi, sai irin masu ɗauke da madara ko nama ko kayan lambu da ake tsoron su lalace. Shi ya sa na samu sukunin rubuto muku a tsanake.

Saƙonku ya iso. Kun ce in duba muku DAF ta hannu, kuma kun tambaya wai da gaske ne muna ratsa ƙasa uku ba wanda ya ce a ɗaga tamfol. Zan fara da wannan, maganar mota ta biyo baya.

Lodin da ke bayana yanzu daga Rotadam na ɗauko shi, babbar tashar jiragen ruwan Holan wadda ta fi kowace girma a Turai, kuma Poznan ta ƙasar Folan za ni da shi. Nisan kusan kilomita 1,000 ne, kamar Kano zuwa Legas. Iyakar Holan da Jamus allo ne kawai shuɗi mai taurari a gefen hanya, ko ƙafa ba ka ɗagawa daga totur. Ranar da na fara wucewa sai da na rage gudu na laluba aljihun gaba, hannuna ya saba. Balaraben da ke koya mini hanya ya yi ta dariya.

Da farko na ɗauka sirrin yana cikin kwalta. Kwaltarsu tana da kyau, amma ita ma kullum cikin gyara take, kuma cunkoson yankin Ruhr zai iya cinye maka awa biyu. Da na daɗe sai na gane abin da ya fi kwaltar aiki: ƙasashen nan sun zauna sun yarda a kan takarda ɗaya da ma'auni ɗaya da agogo ɗaya. Tun 1993 suka cire binciken kwastam a tsakaninsu. Kaya in sun shigo daga China ko daga wajenmu, sau ɗaya ake biyan haraji a tashar da aka yi musu takarda, daga nan sun zama 'yan gida har inda Tarayyar Turai ta ƙare. Takardar kayan da nake riƙewa sunanta CMR, an ƙulla yarjejeniyarta a Jeniba tun 1956. Gidajen da ake cikewa iri ɗaya ne ko da wane yare aka buga ta, don haka mai sito a Folan da ba ya jin Turanci, ni kuma ba na jin yarensa, sai ya nuna gida da yatsa, in sa hannu, ya buga hatimi, an gama.

Abin da ya fi burge ni ma ƙaramin abu ne: katakon da ake ɗora kaya a kai, falet. Faɗinsa santimita 80, tsawonsa 120, ko a wace ƙasa aka sassaƙa shi. Bodin tirela kuma an yi shi ya ci 33 cif. Injin ɗaukar kaya ya shiga ya fita, kafin ka gama shan shayi an rufe ƙofa. Na tuna yadda muke kwana a Dawanau ana lodin buhu a ka, ana ƙirga, ana musu, a sake ƙirgawa. Ko da yake in aka kawo wannan injin kasuwa, ban san inda 'yan dako za su sa kansu ba, kuma su ma iyali gare su. Watan jiya na ɗauki falet shida na citta, takarda ta ce daga Najeriya. Ƙanshin ya cika bodin. Na ce a raina wannan ta Kaciya ce, ta sha wahalar hanya kafin ta ga teku fiye da duk wadda za ta sha a hannuna.

Nauyi kuwa tan 40 ne duka da motar, in za ka tsallake iyaka. Ba a roƙo, ba a cewa a yi haƙuri yau kaɗai.

Sai agogon, wanda shi ne maigidana na gaskiya. Wata na'ura ce a saman gilashi, takogaraf, kowane direba da katinsa mai hotonsa da yake zurawa. Tuƙin awa 4 da rabi, sai hutun minti 45. Awa 9 a rana, sau biyu a mako a yarda ka yi 10. Kada ka wuce awa 56 a mako, ko 90 a mako biyu. Jami'in hanya a Faransa zai iya zura na'urarsa ya ga abin da ka yi a Folan kwana 56 baya, ya ci tararka a nan take, kuma da rasit. Motar ma an ɗaure ta, ba ta wuce kilomita 90 a awa, a Jamus kuma 80 doka ta ce. Kawu, kun san irin tuƙin da muka yi, goro a baki, a wanke fuska da ruwan sanyi a ci gaba, har asuba ta same mu a hanyar Mokwa. Da na zo nan haushin na'urar nake ji, ga ƙarfi a jikina, ga hanya fetal, ta ce in tsaya. Yanzu in na tuna abokanmu biyu da barci ya ɗauke a kan sitiyari, Allah Ya jiƙansu, sai in yi shiru. Shekara 14 ina tuƙi a gida, amma sai da na koma aji na sake lasisi, kuma duk bayan shekara 5 sai an sake zaman awa 35 na ƙarin ilimi.

To amma kada ku ɗauka Aljanna ce. A nan babu yaron mota. Kai ne direba, kai ne mai ɗaure kaya, kai ne mai dafa abinci a kan ƙaramin risho a gindin taya. In ka yi faci ba mai faci a bakin hanya, waya za ka buga ka jira, kuɗin zuwansu kaɗai ya isa sayen taya a gida. Wurin fakin ba ya isa. In ƙarfe 6 na yamma ta yi ba ka samu gurbi ba, sai ka yi ta zagaye agogo yana cin ka. Bayan gida ma sai ka saka kuɗi ƙofa ta buɗe. Wallahi akwai daren da nake kewar Tafa da Mararrabar Jos, hayaƙin mai tsire, mai shayi ya san yawan sukarinka, ga masallaci ga jam'i. A nan sallah a kan gadon mota nake yi in sanyi ya yi tsanani. Ɓarayi ma akwai su. Ba sa tare hanya da bindiga, da dare suke zuwa su tsaga tamfol da reza su leƙa, in kayan masu tsada ne su kwashe, ko su zuƙe maka man tanki kana barci. Sau ɗaya aka yi mini, lita ta fi 300.

Haƙƙin direba kuma, musamman baƙo irina, sai ka tsaya da ƙafarka. Kamfanin da na fara yi wa aiki ya riƙe mini kuɗin wata biyu da sunan gyaran mota. A 2023 wasu direbobi, yawancinsu 'yan Jojiya da Uzbekistan, suka ajiye motocinsu makonni a wurin fakin na Gräfenhausen kusa da Darmstadt, suka ce ba za su motsa ba sai an biya su. Iyaka a buɗe take ga kaya, amma albashin mai tuƙa su ya danganta da ƙasar da aka yi wa motar rajista.

Su ma iyakar tasu tana iya dawowa. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, daga farkon 2021, zuwa Ingila ya koma takardun kwastam da layi a tashar Calais ta Faransa, kuma in aka samu mutum ya ɓuya a bodinka tarar tana iya kai fam 10,000 a kan kowane mutum. Jamus kuma tun Satumbar 2024 ta maido da duba fasfo jefi-jefi a duk iyakokinta na ƙasa saboda maganar baƙin haure. Gobe a gadar kogin Oder, iyakar Jamus da Folan, zan iya tarar da layi. Bambancin dai shi ne mutum suke nema, kaya ba ruwansu da su, kuma ba wanda zai miƙo hannu.

Abin da ke ci mini rai, Kawu, mu ma muna da irin waɗannan takardu. ECOWAS ta amince da zirga-zirga ba biza tun 1979. Katin inshorar nan mai ruwan ƙasa da kuke ajiyewa a aljihun mota tun 1982 aka kafa shi, ɗan'uwan koren katin da ake amfani da shi a nan. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar ratsawa da kaya a kan takarda ɗaya. Hatta nauyin tan 11.5 a kan gatari da aka rubuta mana, shi ne na gatarin da ke jan mota a nan. Amma daga Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, ku kuka koya mini canza kuɗi ƙanana tun daga gida, saboda shingayen da ke kafin Jibiya da na bayan Ɗan Isa. An buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme, iyakarmu da Benin, a 2018, ba a cika shekara ba aka rufe iyakokin a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, kuka ce mini albasa ta ruɓe a mota a Ƙonni. Yanzu Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar tun Janairun 2025. Duk ranar da shugabanni suka ɓata, direba da ɗan kasuwa ne ke kwana a bakin gada. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa, Allah Ya sa a gama, amma shi ma in ya iso iyaka takarda za a tambaye shi.

Maganar DAF. Na je wajen dillalai biyu a Holan, can ne ma gidanta, a Eindhoven ake ƙera ta. Motocin suna da tsabta, kuma kowace da littafin gyaranta, kana ganin ranar da aka canza mai da kilomitar da ta ci. Amma shawarata kada ku ɗauki sabbin nan da ake kira Yuro 6. Suna shan wani ruwa daban, AdBlue, ban da man dizal, kuma cike suke da na'urori. In ta sha gurɓataccen mai sai kwamfutarta ta rage mata ƙarfi a tsakiyar daji, bakanikenmu kuma ba shi da abin karanta ta. Tsohuwar DAF samfurin XF ta fi dacewa da mu, kayan gyaranta suna nan a Kano. Kada kuma wani ya ruɗe ku da arhar ta Ingila, sitiyarinta a dama yake. Ku sa yaro ya turo mini iya abin da kuka ware, da kuɗin jirgi da na kwastam a ciki, in san wadda zan taya.

Kilishin da Inna ta ce za ta aiko, a ce mata ta bari, ba a shigo da nama nan, a filin jirgi za su zubar. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya sun isa. A gaida kowa da kowa.

Ɗanku.