Na sa an tura mini waƙoƙin Don Williams a filashi

Makon jiya na kai wa wani mai turi filashi a kasuwa, na ce ya cika mini shi da waƙoƙin Don Williams, mawaƙin nan na Amurka, shi kaɗai. Kaset ɗinsa ne Baba, Allah ya jiƙansa, yake sawa a tsohuwar Fijo ɗinsa duk sanda muka ɗauki hanyar Zariya daga Kano. Ba ma jin Turancin a lokacin, amma da muryar ta tashi sai motar ta yi tsit.

Muryar tana nan yadda na bar ta: mai kauri, a natse, ba ihu ba gaggawa, kamar dattijo yana ba ka shawara a zaure bayan isha'i. Shi ya sa mutanen ƙasarsa suke masa laƙabi da ƙato mai sanyin hali. A garin Floydada na jihar Texas aka haife shi a 1939, kuma waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka. Da na ji "I Believe in You" ta 1980 a motata, sai da na rage gudu, don idona ya ciko. Ba mu kaɗai ba ne a Afirka muka riƙe shi; a 1997 har Harare, babban birnin Zimbabwe, ya je ya yi wasa.

Aikin mai turin ne bai gamsar da ni ba. Ya cusa mini Kenny Rogers da Jim Reeves a ciki, alhali na ce Don Williams kaɗai. Su ma gwanaye ne, amma ba su na biya ba. Waƙa uku sun maimaitu, biyu sun yanke a tsakiya, wasu kuma sautinsu ya dushe kamar daga rediyo aka naɗo su. Sunayen waƙoƙin ma babu, lambobi ne kawai. Abin da ya fi ɓata mini rai, ba ko ɗaya daga waƙoƙin da ya fitar a ƙarshen rayuwarsa, kafin ya ajiye waƙa a 2016 ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, yana da shekara 78.

Ranar Asabar zan mayar masa da filashin, kuma a gabansa zan saurari kowace waƙa kafin in tashi.