Abin da na gani wajen kairofrakta kan ciwon gefen gwiwata

Ni dai ɗan Nima ne a birnin Accra na Ghana, wajen shekara 4 kenan duk Asabar bayan sallar asuba muke hawa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Ayi Mensah a gindin dutse mu yi gudu har Peduase da ke sama mu dawo. Hawan dutsen ba ya min komai, a gangarowa ne gefen gwiwata ta dama ta waje yake ɗaukar zafi kamar an ɗora garwashi, sai na tsaya a bakin titi ina dafe da ita abokai suna wuce ni. Daga baya har saukowa daga bene ya zama aiki. Aboniki kam na shafa har na gaji, Hajiyarmu ta ce in je wajen mai ɗori, na ce Hajiya ai ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba.

Wani abokin gudunmu ne ya tura ni wajen kairofrakta, masu gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu. Abin da ya fara burge ni mutumin bai yi saurin taɓa gwiwar ba, cewa ya yi in tsaya da ƙafa ɗaya gaban madubi in ɗan durƙusa, wallahi da idona na ga gwiwar tana karkata ciki ƙuguna na zubewa gefe. Ya ce akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya har ƙasan gwiwa, IT band suke ce mata, idan tsokar ɗuwawu ta yi rauni sai nauyin ya koma kanta ta riƙa danne gefen gwiwar duk taku, shi ya sa gangara ta fi ci na. Ya juya takalmina ya nuna min yadda dunduniyar ta cinye gefe guda.

Ƙas ƙas ɗin da yake sa baya ya yi akwai daɗi, jiki ya saki, amma tsakani da Allah kwana 2 zafin ke dawowa. Abin da ya yi min aiki atisayen da ya ba ni ne, in kwanta a gefe ina ɗaga ƙafa, in sa roba a cinya ina tafiya gefe gefe kamar ƙaguwa, sannan in bar gangara tukuna in rage nisa. A sati na 6 na yi kilomita 5 a Legon ko ɗar ban ji ba, alhamdulillahi.

Inda ban ji daɗi ba, tun ranar farko yarinyar da ke kan teburi ta matsa sai na biya kuɗin zuwa 12 gaba ɗaya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kuma ba sa karɓar katin inshorar lafiya, ga sidin ba kaɗan ba. Na ƙi, sau 4 na je na ci gaba da atisayen a tsakar gida kan tabarma. Asabar mai zuwa in sha Allahu zan koma Peduase, amma da tafiya zan sauko.