Silin Artex a tsohon gida: a kankare ko a rufe?

Hajiya, kin ce kun sayi gida ginin shekarun 1970 a Birmingham, silin ɗinsa mai gurza-gurzan nan ne da ake kira Artex, kina tambaya a kankare shi ko a rufe. Kafin a taɓa komai, a gwada shi tukuna, don ido ba ya gane asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke da hatsari in an shaƙa. Har tsakiyar shekarun 1980 ana haɗa wannan shafen da farin asbestos, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta asbestos baki ɗaya. A sa ƙwararre ya ɗebi samfuri daga kowane ɗaki, ya kai ɗakin gwajin da UKAS, hukumar tantance ɗakunan gwaji ta Birtaniya, ta amince da shi. Ba lallai lokaci ɗaya aka shafe ɗakunan ba.

In gwaji ya nuna akwai, rufewa ta fi arha, ta fi sauri, ƙura kuma kaɗan ce. Ko dai a bi shi da sabuwar filasta, ko a kafa allon filasta a ƙarƙashinsa. Sai dai ki lura: masu filasta sun saba fara kankare tsinin kafin su shafa, don aikin ya kwanta. Kada ki yarda, nan ne ƙurar take tashi. Asbestos ɗin kuma yana nan a ɓoye, duk mai gyaran wuta da zai huda silin dole a gaya masa.

Kankarewa ita ce rabuwa da shi har abada, amma hatsarin duk a cikin aikin yake. Ana jiƙa shi da wani man da ke tausasa shi, a killace ɗakin da leda, a sa takunkumin tace ƙura mai lambar FFP3, a share da injin tsotsar ƙura mai lambar H, na ƙura mai hatsari, ba na gida ba. Sharar a leda biyu ake ɗaure ta, ba ta shiga bolar gida. Gogewa da sanfefa kuwa, ko kusa. Kansar da wannan ƙurar ke jawowa takan kai shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana.

Ni dai in silin ɗin lafiya lau yake, rufewa zan zaɓa. In ya tsage, ko ruwa ya ci shi, ko za ku fasa bango ku sake wayoyi, to a kira masu horo su cire shi kafin ku tare da yara.