Gilashin Agogon Nutso: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Gilashi mai faɗin milimita 30 kuwa, idan ya kai mita 300, nauyin da ke danne shi ya haura kilo 200. Shi ya sa kaurin gilashi da yadda aka zaunar da shi suka fi sunansa muhimmanci.

Iri uku ake samu a kasuwa. Na roba, wato akirilik, yana saurin kwarzanewa, amma ana goge shi ya koma sabo, kuma lanƙwashewa yake yi maimakon ya fashe. Agogon Vostok Amphibia na Rasha ya ci moriyar wannan: ruwa na danna gilashin, gefensa na ƙara manne wa jikin agogon. Na mineral, wato gilashi na ainihi da aka ƙara wa ƙarfi, irin Hardlex na kamfanin Seiko, matsakaici ne kuma mai sauƙin kuɗi. Safaya, wato dutsen sapphire da ake haɗawa a masana'anta, ita ce gwanar tauri, ƙarfe ba ya kwarzanarta, sai dai idan gefenta ya bugi dutse takan ɓantare, ƙaramin ɓantare kuma shi matsi yake nema ya tsaga ta.

Siffa ma tana da tasiri. Shimfiɗaɗɗen gilashi yana lotsawa a tsakiya, dole a ƙara masa kauri. Mai tudu kamar kifaffiyar ƙwarya yana tura nauyin zuwa gefe. Rolex Deepsea mai zuwa mita 3,900 safayarsa mai tudu ce, kaurinta milimita 5.5, zaune a kan zoben ƙarfe na musamman. Ga mai nutson mita 30 ko 40, wannan nauyi ne kawai a wuyan hannu.

Nemi kalmar "Diver's" a jikin agogon da ƙa'idar agogon nutso ta duniya, ISO 6425, wadda ke buƙatar a gwada agogo da matsin da ya ɗara na zurfin da aka rubuta a jikinsa da kashi 25 cikin ɗari. Bawul ɗin fitar da iskar hiliyam na ƙwararrun masu nutso ne da ke kwana a ɗakin matsi mai iskar hiliyam, don kada gilashi ya fizge waje idan ana rage matsi. Mai nutson shaƙatawa ba ya buƙatarsa.

Idan na hannu za ka saya, haska tocila a gefen gilashin ka duba ɓantare ko ɗan gumi a ciki. In an taɓa canja gilashin, tambaya ko an sa sabuwar robar da ke riƙe shi, sannan kada ka shiga ruwa da shi sai mai gyara ya gwada shi a injin matsi.