Alƙalamin tebur mai faffaɗan baki: wanne za ka saya, wa zai wasa maka?

Duk wanda aikinsa ya ƙunshi sa hannu a takardu tun safe har la'asar, ko cike rajista, ko rubuta sunaye a takardun shaida, ya san gajiyar buɗe murfin alƙalami da rufe shi ba iyaka. Don irinsa aka ƙera alƙalamin tebur, wato alƙalami mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawada. Ba shi da murfi, ba shi da abin maƙalawa a aljihu, jikinsa dogo ne mai siririyar wutsiya, yana zaune cikin mazubin da aka kafa a kan dutse ko gilashi ko roba. Ka zaro, ka rubuta, ka mayar. Da yake bakinsa ƙasa yake kallo kullum, tawada tana nan a shirye.

Idan aka wasa bakin ya yi faɗi, irin wanda masu sayarwa ke rubuta wa stub, sai rubutu ya sake kama: layin da ya sauko daga sama ya fito da kauri, wanda ya tafi gefe ya fito siriri, ba tare da ka danna ba. Matsalar ita ce alƙalamin tebur da faffaɗan baki ba su cika zuwa tare daga masana'anta ba. Mai saye ne zai haɗa su da kansa, kuma shawarata ita ce ya fara tunani daga bakin, jiki da mazauni su biyo baya.

Dalili kuwa, a ƙarshen kowane baki mai kyau akwai ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri da ake ce wa iridiyam, shi ne ke taɓa takarda. Mai wasa baki ragewa yake yi, ba ya ƙarawa. Kamar yadda malam ke fiƙe alƙalamin gamba da wuƙa, abin da ya samu a karan shi zai sassaƙa. Bakin da aka yi wa alamar M, wato matsakaici, yakan ba da faɗin kusan milimita 0.6 bayan wasawa, mai alamar B, wato mai kauri, kusan 0.8 zuwa 0.9, mai BB da ya fi shi kauri kuma ya kai 1.1 ko fiye. Mai EF, wato siriri ƙwarai, babu abin da za a cire a jikinsa.

Wannan shi ya fitar da zaɓi mafi araha daga lissafi. Kamfanonin Japan, wato Platinum da Pilot da Sailor, sun daɗe suna ƙera alƙaluman tebur masu sauƙin kuɗi don bankuna da ofisoshi, kuma suna aiki lafiya. Sai dai yawancinsu bakinsu siriri ne ƙwarai, domin an yi su ne don cike ƙananan gurabe da haruffan Japananci. Na Platinum mai lamba DP-1000AN misali ne: masu zane suna son sa saboda siririn layinsa, amma kada ka saye shi da niyyar mayar da shi stub. Ladan mai wasawa zai fi kuɗin alƙalamin, sakamakon kuma ba zai gamsar ba.

Akwai wata hanya da nake ba kowa shawarar ya fara bi kafin ya kashe kuɗi mai yawa. Lamy Joy na Jamus yana da doguwar wutsiya irin ta alƙalamin tebur, ana samun sa da baki mai faɗin milimita 1.1 da 1.5 da 1.9, kuma bakin zarewa ake yi a sa wani. Murfi gare shi, ba mazauni ba, kuma bakinsa ƙarfe ne zalla da aka yanke a masana'anta, babu wancan ɗigon mai tauri. Amma idan ka yi wata guda kana rubutu da 1.1 za ka san amsar tambayoyi biyu: shin hannunka yana iya riƙe baki a shimfiɗe ba ya murɗa shi, kuma shin faɗin ya yi wa rubutunka yawa. Masu ƙananan haruffa da dama za su tarar cikin harafin a da na e yana cikewa da tawada, su gane 0.7 ko 0.8 ne nasu.

Inda harkar take da daɗi sosai shi ne tsofaffin alƙaluman Amurka, na zamanin da kowane babban tebur ke da nasa. Esterbrook ne ya fi sauƙin sha'ani, domin bakinsa murɗawa ake yi a cire, a murɗa wani. Lambobin da ke jikin bakin na da ma'ana. Waɗanda suka fara da 2 ba su da ɗigon ƙarfe mai tauri, don haka ba su dace da wasawa ba. Waɗanda suka fara da 9 suna da shi. Mai lamba 9968 baki ne mai kauri da ya dace a kai wa mai wasa, 9314 kuwa tun asali faffaɗa ne mai ɗan karkata. Amfanin nan babba ne: bakin kaɗai za ka aika, ba sai alƙalamin ya yi tafiya ba, idan kuma aikin bai yi maka ba, asarar ƙarama ce. Ka dai tambayi mai sayarwa ko an sauya jakar robar da ke riƙe tawada a ciki, domin ta asali ta riga ta bushe.

Sheaffer ya fi kyau a ido, yawanci da bakin zinare da mazaunin dutse mai nauyi. Mai tsarin zuƙo tawada da ake kira Touchdown, wanda ya fito a 1949, gyaransa da sauƙi. Mai tsarin Snorkel na 1952, shi ma na Sheaffer, yana da kayan ciki da yawa, sai ƙwararre. Parker 51, da aka fara sayarwa a 1941, yana da fa'idar da ta fi kowacce: bakinsa a lulluɓe yake, don haka ba ya saurin bushewa. Ga wanda ke aiki inda hunturu ke busar da komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yawancin waɗanda ake samu bakinsu siriri ne ko matsakaici, mai kauri yana da wuyar samu kuma da tsada.

Kowanne ka zaɓa, ka tabbata alƙalamin da mazauninsa 'yan gida ɗaya ne. Masu sayarwa sukan haɗa na wannan kamfani da na wancan, iska ta riƙa shiga, baki ya bushe kafin gari ya waye. Ka kuma tambayi kuɗin aikowa tun farko, mazaunin dutse na iya cin fiye da kuɗin alƙalamin.

Batun mai wasawa kuma, akwai sanannu a Amurka irin su Mike Masuyama, wanda ya yi shekaru yana aiki da Sailor, da Mark Bacas da Gena Salorino. Jira yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Abin da za ka gaya musu shi ne rabin aikin. Ka aika hoton hannunka riƙe da alƙalami, da samfurin rubutunka, ka faɗi hannun da kake rubutu da shi da faɗin da kake so. Ka bambanta stub da ɗan'uwansa italik: na biyun gefunansa sun fi kaifi, layinsa ya fi fitowa ras, amma yana kama takarda idan ka yi sauri. Ga alƙalamin da za a zara a sa hannu cikin hanzari, wani lokaci ma baƙo ya karɓa ya yi amfani da shi, stub mai zagayayyun gefuna nake zaɓa ba tare da shakka ba.

Mai rubuta Ajami ko Larabci ya faɗi haka a fili. Stub na yau da kullum yana kaurara layin tsaye ne, alhali rubutun Larabci kaurinsa a kwance yake. Abin da ya dace da shi shi ne baki mai karkata, ko wanda ake kira na Larabci ko na masu zanen gini, mai ba da siririn layi a tsaye da kauri a kwance.

Faffaɗan baki yana zubar da tawada fiye da na kullum, a takarda mai araha sai ta baje ta fito ta baya. Tawadar Pelikan 4001 ba ta cika gudu ba, tana rage wannan matsalar, Parker Quink da ta Waterman kuma suna wankuwa da sauƙi daga tsohon alƙalami. Tawadar allo da ake haɗawa da ƙaro kada ta kusanci cikinsa, toshe hanyar za ta yi. Ka riƙa goge cikin mazubin daga ƙura, ka wanke bakin da ruwa mai sanyi duk bayan 'yan makonni, kuma kada ka ajiye shi inda rana ke dukan tebur, zafi na kumbura iskar ciki ta turo tawada cikin mazubin.